Kwaɗin Mustafa Alasan: Tarihin Katun Mai Araha Daga Zangon Accra Zuwa Tawa

A ranar 24 ga Fabrairu, 1966, sojoji da 'yan sanda suka kifar da gwamnatin Kwame Nkrumah a Accra. Shi kuwa mai gwamnatin ba ya gari. Ya tashi zuwa Hanoi da niyyar shiga tsakani a yaƙin Biyetnam, labarin kuma ya riske shi a Bejin, inda aka tarbe shi da girmamawar da ake yi wa shugaban ƙasa alhali kujerar ta riga ta suɓuce masa. A cikin wannan shekarar ce wani saurayi ɗan Nijar mai shekara 24, Mustafa Alasan, wanda ake rubuta sunansa Moustapha Alassane a rubutun Faransanci, ya fitar da wani ɗan fim na zane mai motsi, baƙi da fari, wanda bai wuce minti biyar ba. Sunan fim ɗin Bon Voyage Sim, wato "Allah ya kiyaye hanya, Sim". Sim kwaɗo ne, kuma shi ne shugaban jamhuriyar kwaɗi, wanda takwaransa na maƙwabciyar ƙasa ya gayyata ziyarar aiki.

Haɗuwar abubuwan biyu a shekara guda katari ne, domin Alasan a Yamai yake aiki, kuma shugabannin da ke yawon ziyara da badujala a wancan zamani sun fi a ƙirga. Amma katarin yana da amfani ga ɗalibi, domin yana tayar da tambayar da ta shafi dukkan tsofaffin fina-finan katun da aka yi da kuɗi kaɗan. Me ya sa zanen da kowa ke ganin ƙarancinsa, ga layi yana rawa, ga motsi yana tsalle-tsalle, ga sauti yana shaƙewa, yake ci gaba da riƙe mai kallo bayan fiye da shekara hamsin, alhali fina-finai masu tsada da yawa na zamaninsa sun bi ruwa? Amsar tana da ɓangare na fasaha, tana kuma da ɓangare na al'ada. Ɓangaren al'adar ya fi bayyana idan aka faro daga zangon Accra.

Zango da masu kallonsa

Kalmar da mutanen Ghana ke furtawa "zongo" ita ce zango ta Hausa, wato masaukin ayari. Fataken goro da ke zuwa Gwanja, da sojojin Hausa da Turawan Ingila suka ɗauka a shekarun 1870, da waɗanda yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa, su ne suka kafa tushen irin waɗannan unguwanni a kudancin ƙasar. A Accra, wadda tsofaffin fatake ke kira Ankara, Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na ashirin. Nima ta zo daga baya. Labarin da aka fi yarda da shi yana danganta kafuwarta da Malam Amadu Futa, mai harkar shanu, wanda ya sami filin daga hannun mutanen Ga a shekarun 1930. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ita da maƙwabciyarta Maamobi suka cika da baƙi: Hausawa, Zabarmawa, mutanen Gawo, Mosawa, Fulani, Kotokoli da sauransu. Hausa ce ta zama harshen ciniki da na masallaci a tsakaninsu, har ga wanda bai sha ta a nono ba.

Waɗannan baƙi 'yan kallo ne na gaske. Tun lokacin yaƙin, motocin majigi na gwamnatin mulkin mallaka suna zagaya garuruwan Gwalkwas suna haska labarai da fina-finan wayar da kai. Ita kanta kalmar "majigi" ta samo asali ne daga sunan Ingilishi na fitilar haska hoto, wadda Turawa ke kira fitilar sihiri. A birni kuwa akwai gidajen sinima irin su Rex da Roxy da Orion, akwai kuma Dunia a cikin Nima kanta, sunan da ba ya buƙatar fassara ga Bahaushe. Fina-finan kaboyi na Amurka da na Indiya su ne abincin yau da kullum, kuma al'adar gidajen sinima a wancan zamani ita ce a fara da labarai ko ɗan gajeren katun kafin babban fim. Ɗan dako da ya wuni yana ɗaukar kaya a kasuwa ba ya jin Ingilishin da kaboyi ke yi, balle Indiyanci. Katun kuwa ba ya tambayar kowa harshe. Kyanwa ta bi ɓera, ɓera ya yi mata wayo, an gama. Wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo, ga shi kuma yana zaune cikin mutanen da ke ba da labarin Ananse, wanda shi ma gizo ne, bai ga baƙon abu ba a nan.

Cikin waɗannan baƙi ne wani Bafaranshe mai nazarin al'adu, Jean Rouch, ya zo aiki a 1954. Ya biyo 'yan ci-ranin Nijar ne don ya ga abin da ke kai su bakin teku da abin da suke komawa da shi. Daga wannan tafiya ya samo fina-finai biyu da suka yi suna: Jaguar, labarin samari uku da suka taso daga Nijar zuwa Gwalkwas, wanda bai fito ba sai 1967, da kuma Les Maîtres fous, wanda ya fito a 1955. Na biyun ne ya shafi wannan magana.

Bindigar katako

Les Maîtres fous ya nuna taron shekara-shekara na 'yan Hauka, wata ƙungiyar masu hawan iska da ta ɓulla wajen 1925 a ƙasar Filinge ta Nijar, wadda a wasu sassan ƙasar Hausa ake kiran iskokinta Babule. Hukumar Faransa ta tsananta musu, da yawansu suka gangara Gwalkwas tare da sauran 'yan ci-rani. Iskokin da ke hawansu ba irin na dauri ba ne. Gwamna ne, da janar, da kofur na masu gadi, da direban jirgin ƙasa, da matar likita, da wani kwamanda da ake yi wa laƙabi da Mugu. Rouch ya fara da nuna mutanen a bakin aikinsu a Accra, 'yan dako da masu haƙa kwalbati da masu yankan ciyawa, sa'an nan ya bi su zuwa wata gona a bayan gari inda aka yi taron.

Abin lura ga mai nazarin zane shi ne kayan aikin. Bindigoginsu na katako ne. Ɗamararsu jan ƙyalle ne. Suri aka shafa wa fenti ya zama fadar gwamna. An fasa ƙwai a kan gunkin gwamna, farin da gwaiduwar suka zubo, sai Rouch ya yanke ya nuna gwamnan gaske a faretin gaske, da farin gashin tsuntsu yana zubowa daga hularsa. Da 'yan kayan da ba su taka kara sun karya ba aka tsayar da daula sukutum a tsakar gona, aka yi mata fareti da taron shawara da gaisuwar soja.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan ma'anar wannan. Wasu na ganin ba'a ce ake yi wa mai mulki, wasu na ganin neman ƙarfinsa ne ta hanyar shiga rigarsa, wasu kuma na cewa ga masu abin ibada ce da magani, ba wasa ba. Fim ɗin kansa bai sami karɓuwa da sauƙi ba. Hukumar Ingila ta hana nuna shi a Gwalkwas saboda tana ganin cin mutuncinta ne. Ɗaliban Afirka da suka gan shi a Faris kuwa sun ƙi shi saboda kumfar baki da yankan kare da ke ciki, suna ganin zai ƙarfafa wa Turawa raininsu. Shekara goma bayan haka, a 1965, Usman Sembene na Senegal ya faɗa wa Rouch baki da baki cewa shi da ire-irensa suna kallon mutanen Afirka kamar yadda ake kallon ƙwari.

Ko wace fassara aka ɗauka, abu ɗaya ya tabbata: mutanen nan sun saba da cewa ƙaramar alama tana iya ɗaukar babban abu, kuma mai kallo shi ke cike giɓin da ransa. Wannan ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. A wasan tashe, yaro ya manna auduga a haɓa, ya cusa tsumma a bayan riga, ya dogara sanda, ya zama tsoho, kuma ba wanda zai ce masa gemun bai yi kama da na gaske ba. Daɗin abin ma a nan yake, ana ganin yaron ana kuma ganin tsohon. Mai tatsuniya ba ta da komai sai murya da hannu, amma idan ta karya harshe irin na Gizo, yara sun ga Gizo. Katun mai araha a kan wannan yarjejeniya yake tsaye. Idan mai kallo ya yarda da ita, layi huɗu sun isa su zama sarki.

Makanikin da ya ƙirƙiro sinima da kansa

An haifi Mustafa Alasan a 1942 a Ndunga, a bakin kogin Kwara kusa da Yamai. Tun yana yaro, kafin ya san yadda ake yin fim, ya riƙa haɗa akwati da fitila yana haska wa yaran unguwa inuwar siffofin da ya yanka da zanen da ya yi a takarda mai shara-shara. Ya koyi kanikanci. Hannunsa na zane ne ya kai shi cibiyar bincike ta IFAN a Yamai, wadda daga baya ta zama IRSH, kuma a nan ya haɗu da Rouch, mutumin da ya ɗauki hoton 'yan Hauka a Accra. Rouch ya koya masa aiki da kyamarar milimita 16, ya kuma buɗe masa hanyar zuwa Kanada, inda ya zauna da Norman McLaren a hukumar fina-finai ta ƙasar.

Ba a yi dace da malami ba kamar wannan. McLaren, ɗan asalin Sikotlan da ya koma Kanada a 1941, ya yi suna ne da yin fim ba tare da kyamara ba. Yakan zana kai tsaye a kan zaren fim, hoto bayan hoto, har sautin ma yakan zana shi da hannu a gefen zaren. A fim ɗinsa Neighbours na 1952, wanda ya ci kyautar Oscar, mutane ya motsa kamar 'yartsana, yana ɗaukar su hoto ɗaya-ɗaya. Darasin da ke cikin aikinsa shi ne cewa ran katun yana cikin motsi da lokacinsa, kyan kowane zane shi kaɗai yana biyo baya ne. Ga saurayin da zai koma ƙasar da ba ta da ɗakin wanke fim, wannan darasi ya fi masa kowace na'ura.

Alasan ya riga ya yi gajerun fina-finai a 1962, ciki har da Aouré, wato "Aure", a kan bikin aure a ƙauyen Zabarmawa. Katun ɗinsa La Mort de Gandji, wanda shi ma a masarautar kwaɗi yake, ya ci kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. Akan ce shi ne uban katun a Afirka, amma maganar tana buƙatar gyara. A Masar 'yan'uwan Frenkel sun fito da Mish Mish Effendi tun shekarun 1930, a Kwango ta Beljiyam kuma 'yan mishan sun yi katun na dabbobi a shekarun 1950. Abin da za a iya faɗa ba tare da ƙari ba shi ne yana cikin 'yan Afirka ta kudu da Sahara na farko da suka yi katun da hannunsu, da labarinsu, don mutanensu.

Lissafin araha

Sinima tana haska hoto 24 a kowane sakan. Fim na minti biyar yana da sakan 300, wato hoto 7,200. Ko da an bar kowane zane ya tsaya sau biyu, kamar yadda aka saba, ana buƙatar zane 3,600. Kamfanin Disney ya warware wannan matsala da ɗaruruwan ma'aikata. Snow White na 1937 ya ci kusan dala miliyan ɗaya da rabi. Wanda ba shi da wannan ƙarfi dole ya nemi dabara, dabarun kuma sanannu ne. A tsayar da jiki a motsa baki kawai. A zana taku ɗaya na tafiya, hoto takwas ko goma sha biyu, a yi ta maimaita shi. A bar bango fari ko a ja layi ɗaya a ce ƙasa ce. A bar murya da kiɗa su ɗauki nauyin da zane ya kasa.

Ba talakawa kaɗai suka bi wannan hanya ba. Lokacin da kamfanin MGM ya rufe sashensa na katun a 1957, William Hanna da Joseph Barbera, masu Tom and Jerry, sun koma yi wa talabijin aiki. A da suna kashe fiye da dala 30,000 a kan fim na minti bakwai. Yanzu sai aka ba su kimanin dala 3,000 su yi minti biyar. Kafin su, kamfanin UPA ya zaɓi sauƙaƙe zane da gangan don ya bambanta da Disney, ya kuma ci Oscar da Gerald McBoing-Boing na 1950. A Zagreb ta Yugoslabiya, Dušan Vukotić ya yi Surogat a 1961 da siffofi masu kusurwa uku da da'ira, ya zama katun na farko da ba na Amurkawa ba da ya ci wannan kyauta. A Japan, Osamu Tezuka ya rage yawan zane ƙwarai don ya iya fitar da Astro Boy kowane mako daga 1963.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, domin masu begen tsohon abu sukan wuce gona da iri. Araha ba ta haifar da kyau da kanta. Yawancin katun ɗin talabijin na shekarun 1960 da 1970 aikin gaggawa ne, bango ɗaya yana ta wucewa a bayan mai gudu har mai kallo ya haddace tagar da tukunyar fure. Wannan rowa ce kawai, an rage kuɗi an bar labarin yadda yake. Inda araha ke zama fasaha shi ne inda mai zane ya zaɓi labarin da ƙarancin zai yi masa hidima. A nan ne Alasan ya yi fice.

A dubi Bon Voyage Sim. Abin da fim ɗin ya ƙunsa shi ne bukukuwan mulki: takardar gayyata, rakiya zuwa filin jirgi, badujala, faretin soja, gaisuwar manya, jerin gwanon motoci, jama'a na tafi. Duk waɗannan abubuwa maimaici ne a asalinsu. Soja mai fareti yana yin taku ɗaya ne sau ɗari, mai tafi yana yin tafi ɗaya ne sau ɗari, kuma ziyarar bana ita ce ta bara. Saboda haka dabarar maimaita zane, wadda a wani fim za ta zama aibi, a nan ita ce maganar kanta. Mai kallo yana ganin an maimaita zanen, sai ya tuna cewa abin da ake kwaikwaya ma haka yake. Da Alasan ya sami kuɗin Disney ya ba kowane soja fuskarsa da tafiyarsa, da ya ɓata ba'ar.

Zaɓen kwaɗo ma haka ne. Ta fuskar aiki, kwaɗo yana da sauƙin zane: tumbi, manyan idanu, faffaɗan baki, siraran ƙafafu. Ta fuskar ma'ana kuwa, halitta ce mai kumbura wuya da yawan ƙara, wadda muryarta ta fi jikinta, kuma dukkansu kama ɗaya gare su, shugaba da mai gadi da mai tafi. A tatsuniya zaki ne sarki, ko da an yi masa wayo yana nan da kwarjininsa. Alasan bai ba shugabansa wannan alfarma ba. Sembene ya zargi Bature da kallon talakan Afirka kamar ƙwaro. Shekara guda bayan haka ɗan Afirka ya kalli shugabannin Afirka ya zana su kwaɗi. Bambancin shi ne wanda ya riƙe alƙalamin da kuma wanda aka nufa da shi. 'Yan Hauka sun yi faretin gwamna da bindigar katako a bayan Accra. Shekara goma sha biyu bayan haka, gwamnan ya tafi, faretin yana nan, sai dai masu karɓar gaisuwar sun sauya.

Akwai kuma kariyar da dabba ke bayarwa. Nijar ta Diori Hamani ƙasa ce mai jam'iyya ɗaya, kuma ba a sukar shugaba a fili. Amma wa zai kama mutum don ya zana kwaɗo, ba tare da ya amsa cewa shi ne kwaɗon ba? Wannan hikimar habaici ce da zambo, wadda mawaƙan fada da matan gida suka daɗe da sani. Tarihi kuma bai ƙaryata fim ɗin ba. A watan Janairun 1966 kaɗai an yi juyin mulki a Afirka ta Tsakiya da Bolta ta Sama da Nijeriya. Sojoji sun kawar da Diori a Afrilun 1974, Janar Gowon kuma ya rasa mulkinsa a Yulin 1975 yana wurin taro a Kampala.

A shekarar 1966 ɗin dai Alasan ya fitar da Le Retour d'un aventurier, wanda da mutane aka yi shi ba zane ba. Saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sa huluna suka hau dawaki suka addabi ƙauye. Tunanin ɗaya ne da na kwaɗin: riga tana iya hawa kan mai ita.

Tawa da kokawar 'yartsana

Daga baya Alasan ya karkata ga 'yartsana. Wannan aiki ne na haƙuri: a gina siffa da waya da ƙyalle da katako, a motsa hannunta kaɗan, a ɗauki hoto ɗaya, a sake motsawa, a sake ɗauka. Da wannan hanya ya yi Samba le grand a 1977, fim mai launi a kan jarumin da gimbiya ta ɗora wa sharuɗɗa masu wuya kafin ta yarda da shi. Kusancinsa da adabin baka na Hausa ya riga ya bayyana a Deela, inda ya sa gwanin tatsuniya Albarka yana ba da labari da Hausa, ana kuma nuna abin da yake faɗa. Ya shugabanci sashen sinima na Jami'ar Yamai na tsawon shekara goma sha biyar, ya kuma yi yawo da mota da majigi yana nuna fina-finai a garuruwa da ƙauyuka. A ƙarshe ya zauna a Tawa, babban birnin Adar.

Fim ɗinsa da ya fi kusa da zuciyar Bahaushe shi ne Kokoa, wato kokawa, wanda ya fara yi a 1985 ya kuma sake komawa kansa a 2001. Zaɓen batun ya dace da garin, domin a Tawa aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, gasar da har yau take tsayar da Nijar cik idan ana neman takobi. A fim ɗin, kwaɗi ne suka cika fage, ga makaɗa, ga mai sanarwa, ga 'yan kallo. Hawainiya ta shiga, tsuntsu ya shiga, ƙaguwa ce alƙalin wasa. Wanda ya taɓa zama a fagen kokawa zai gane komai: kirari, zagayen fage, jinkirin da ake yi kafin a kama, da ihun da ke tashi idan an yi kaye.

A nan ma ƙarancin ya zama riba. 'Yartsanar da ake motsawa da hannu tana da nauyi na gaske, tana tsaye a kan ƙasa ta gaske, haske yana faɗa mata yana yin inuwa. Motsinta yana da 'yar tangarɗa da tsaiko, kuma haka 'yan kokawa suke idan sun sarƙe, a yi shiru ana auna juna, sai a fizga farat ɗaya. Ana ganin ɗinkin ƙyallen, ana ganin inda yatsa ya taɓa. Yaron da ya taɓa ƙera mota da karan dawa ko gwangwanin madara yana kallon fim ɗin yana ganin abin da hannunsa zai iya. Katun na kwamfuta mai sheƙi yana burge yaro, amma ba kasafai yake sa shi ya tashi ya nemi waya da tsumma ba.

Ba a rasa aibi a ayyukan Alasan ba. Sautin wasu yana da rauni, tafiyar labarin wasu tana ja, kuma ingancinsu bai zama ɗaya ba, kamar yadda ya kan faru ga wanda shi ne mai zane, shi ne mai ɗauka, shi ne mai gyaran injin idan ya lalace. Babbar hasarar kuwa ba daga hannunsa ta zo ba. A ƙasashen da Faransa ta raina, kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba fina-finai da yawancin gidajen sinima, kuma ribarsu tana cikin tsofaffin fina-finan Amurka da Indiya da Faransa. Gidajen sinima na kasuwa da zaren milimita 35 suke aiki, shi kuwa galibi da 16 yake yi. Ofishin sinima na ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa, wanda aka kafa a 1963, yakan sayi haƙƙin nuna irin waɗannan fina-finai ba don kasuwa ba, sai su ƙare a cibiyoyin al'adun Faransa da bukukuwan fina-finai. Ga kuma katangar da ke tsakanin ƙasashe masu Faransanci da masu Ingilishi. Sakamakon shi ne ɗan Nijar da ke zaune a Nima ko Maamobi, wanda ya fi kowa cancantar ya yi dariyar Sim, ya fi samun sauƙin ganin ɓeran Amurka a kan ganin kwaɗon ƙasarsu. Da yawa daga cikin waɗannan baƙi ma sun bar Ghana bayan dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969. Ghana ta buɗe talabijin a 1965, ta kuma kafa makarantar fim ta NAFTI a Accra a 1978, inda ake koyar da zane mai motsi, amma tasirin Alasan ya fi bi ta bikin FESPACO na Wagadugu da ta Turai.

A Tawa, Alasan ya riƙe otal, ya mayar da wasu ɗakunansa wurin aiki, inda 'yartsana da tsofaffin kyamarori da kayan gyara suke jibge. Da kwamfuta ta zo, ya koya wa kansa yin katun da ita yana da shekara sittin da wani abu, yana kuma koya wa matasan garin. A wannan hali Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong suka same shi lokacin da suka yi fim a kan rayuwarsa, wanda ya fito a 2009. Faransa ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur a bikin Cannes na 2007. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015. A watan Mayun 2017 gidan adana fasahar zamani na MoMA da ke New York ya shirya nunin fina-finansa, aka haska Sim da 'yan kokawarsa a babban allo. Wasu daga cikin gajerun kuma sun shiga intanet, inda mai waya a Nima ko Maraɗi zai iya kallon tafiyar Sim daga farko har ƙarshe kafin shayi ya tafasa.